Tarihin Auna Ra'ayin Jama'a Kan Gini Kafin a Aza Harsashi

Masu zanen gine-gine da masu tsara birane sun daɗe suna fama da matsala guda, wato taswirar da suke zanawa gwani kaɗai ke iya karanta ta, alhali mutanen da za su zauna a unguwar ba sa gane fasalinta sai an gama gini, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada. Ɗaya daga cikin fitattun yunƙurin magance wannan ya taso ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, inda a shekarar 1972 Donald Appleyard, masanin tsara birane, da Kenneth Craik, masanin halayyar ɗan'adam, suka kafa ɗakin gwaji da ake ƙera ƙananan siffofin unguwanni, a ratsa titunansu da 'yar kyamara, sannan a kwatanta ra'ayin waɗanda suka kalli fim ɗin da na waɗanda suka zaga wurin na gaske. Wannan kwatancin shi ne ginshiƙin fannin, domin awon da ba a gwada shi da zahiri ba ba abin dogaro ba ne.

Fasahar kwaikwayon zahiri, wadda ke nufin sanya wa mutum tabarau mai nuna wurin da kwamfuta ta zana har ya ji kamar yana cikinsa, ta faro ne da na'urar da Ivan Sutherland ya ƙera a Harvard a 1968. A tsakiyar shekarun 1980 Frederick Brooks da ɗalibansa a Jami'ar Karolina ta Arewa suka kwaikwayi ginin sashensu, Sitterson Hall, aka yi yawo a cikinsa tun ba a kammala shi ba. Tsada ta hana fasahar yaɗuwa sosai har zuwa 2016, shekarar da tabarau na Oculus Rift da HTC Vive suka shiga kasuwa.

Tun daga nan mai bincike kan canza abu guda kawai, kamar tsayin bene ko faɗin titi ko yawan bishiyoyi, ya bar sauran yadda suke, ya rubuta zaɓin mutum da inda idonsa ya fi tsayawa. Sai dai bincike ya sha nuna cewa mai sanye da tabarau yakan ga nisa ƙasa da yadda yake, kuma zafin rana da wari da zaman maƙwabtaka ba sa shiga na'ura, saboda haka sakamakon irin wannan awo bai isa ya maye gurbin tuntuɓar mazauna unguwa ba.