Tarihin Motsa Ƙwaƙwalwa da Maganaɗisu a Binciken Barci

Motsa ƙwaƙwalwa da maganaɗisu, wanda likitoci suka fi sani da TMS, hanya ce ta tayar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba tare da an fasa kai ba. Ana ɗora naɗaɗɗiyar waya a kan mutum, a saki lantarki cikinta na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ƙarfin maganaɗisun da ya tashi sai ya ratsa ƙoƙon kai, ya haifar da 'yar wuta a saman ƙwaƙwalwa. Tushen abin shi ne binciken Michael Faraday na 1831, cewa maganaɗisu mai sauyawa yana haifar da lantarki.

A 1896 likitan Faransa d'Arsonval ya ba da labarin cewa wanda ya sa kansa cikin babban naɗin waya yakan ga walƙiya, jiri kuma ya ɗebe shi. A 1980 Merton da Morton suka motsa ƙwaƙwalwa da lantarki kai tsaye a Landan, amma da zafi ƙwarai. Sai a 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Sheffield ta Ingila suka nuna na'urar da ke sa hannun mutum ya zabura ba tare da ciwo ba. A 1988 Shoogo Ueno na Japan ya fito da naɗi mai siffar lamba 8, wanda ke iya saitin wuri guda.

Masana barci sun ga amfanin TMS ne da aka haɗa ta da na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa. Dabarar kamar ta mai sayen tukunya ce, ya ƙwanƙwasa, ya saurari amo. A 2005 Marcello Massimini da Giulio Tononi, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, suka buga sakamakonsu a mujallar Science. Idan mutum yana farke, bugu ɗaya yakan bazu daga wannan sashe zuwa wancan har kusan kashi uku cikin goma na sakan. Idan barci ya yi nauyi, amsar farko ta fi ƙarfi, amma nan take take mutuwa a inda aka buga. Ashe ƙwaƙwalwar mai barci ba a kashe take ba, sassanta ne suka daina magana da juna. A 2007 suka nuna cewa bugun yana iya tayar da igiyoyin lantarki masu tafiyar hawainiya na barci mai nauyi, daga baya kuma aka ga cewa a lokacin mafarki amsar tana komawa kusa da ta mai ido biyu. Daga wannan aiki aka samo ma'aunin da aka bayyana a 2013, wanda ake gwada masu dogon suma da shi don a ga ko da sauran hayyaci.

Ta fuskar farkawa, Reto Huber da abokansa sun nuna a 2013 cewa gwargwadon daɗewar mutum bai runtsa ba, gwargwadon saurin zaburar ƙwaƙwalwarsa, barci kuma yakan mayar da ita daidai. A Jami'ar Columbia, Bruce Luber ya gwada jerin bugu a kan mutanen da aka hana barci, a 2008, ya ga ya rage musu nawar amsawa a gwajin tuna haruffa. Mutanen kaɗan ne.

Batun magani kuwa bai kai nan ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da TMS a 2008, amma don ciwon damuwa. An yi gwaje-gwaje kan rashin barci, da yawansu a ƙasar Sin, ana bugu ɗaya a sakan a gefen dama na goshi. Marasa lafiya sun ce sun ji sauƙi, sai dai waɗanda aka yi wa bugun bogi su ma da yawa haka suka ce. Na'urar ta fi ƙwarewa a awo bisa ga warkarwa.

Haɗarinta mafi girma shi ne farfaɗiya, ko da yake ba kasafai take faruwa ba. Ƙa'idojin kariya na 2009 sun sa rashin barci cikin abubuwan da ke ƙara wannan haɗari, shi ya sa ake tambayar mutum yadda ya kwana kafin a ɗora masa naɗin.