Asalin Tsarin Log a Sana'ar Ɗaukar Fim

Hoton da kyamara ke fitarwa idan aka saita ta a kan tsarin log koɗaɗɗe ne, baƙinsa bai kai baƙi ba, launinsa kuma a dusashe, kuma wannan kama gado ce daga zamanin da ake ɗaukar fim a kan negatif. A shekarar 1890 wasu masana biyu a Ingila, Ferdinand Hurter da Vero Driffield, suka nuna cewa a mafi yawan zangon da negatif ke aiki, duk lokacin da hasken da ya faɗa masa ya ninka sau biyu, duhun da ke taruwa a jikinsa yana ƙaruwa ne da ma'auni guda. Wannan dangantaka ce ake kira logaridim a ilimin lissafi, kuma daga nan sunan log ya fito. Ba a taɓa yin negatif don kallo ba; ma'aji ne na haske da inuwa, wanda sai an kai shi ɗakin wanki, mai daidaita launi ya auna fitilar ja da kore da shuɗi kafin a buga kwafin da za a haska.

Bidiyon talabijin ya bi wata hanya dabam, domin an gina shi ne a kan hoton da zai fito a shirye, wanda hakan ke sa farin gajimare ko hasken taga ya ƙone ba tare da an iya dawo da shi ba. Da kamfanin Kodak ya so shigar da negatif cikin kwamfuta a farkon shekarun 1990, sai ya ƙirƙiro tsarin Cineon, wanda ke adana kowane launi cikin bit 10, wato matakai 1,024, da aka raba bisa duhun negatif ɗin kansa. An ajiye baƙi a mataki na 95, fari a na 685, aka bar fiye da matakai 300 a sama don haske mai tsanani, kuma a wannan rarar da aka tanada hikimar tsarin take. Da shi aka sabunta fim ɗin Snow White na Disney a 1993, kuma ko da yake Kodak ya daina sayar da shi a 1997, salon adanawarsa ya ci gaba cikin fayilolin DPX. A kan wannan turba, a 2000 mai ɗaukar hoto Roger Deakins ya mayar da koren ganyen jihar Misisifi ruwan ƙasa a fim ɗin O Brother, Where Art Thou? ta hanyar gyara launin fim ɗin gaba ɗaya a kwamfuta.

Daga nan tsarin log ya shiga cikin kyamarorin kansu: Viper ta Thomson a 2002, sai S-Log na Sony, sai Alexa ta ARRI a 2010 da tsarinta na Log C, wanda harafinsa na ƙarshe ke nuni ga Cineon. A 2023 ya iso wayar iPhone 15 Pro.

Saukowarsa zuwa ƙananan kyamarori ta zo da matsalar da ya wajaba mai sana'a ya sani. Da yawa daga cikinsu suna adana hoto ne cikin bit 8, matakai 256 kacal, saboda haka idan aka matse haske mai faɗi cikin wannan ƙunci sannan aka buɗa shi wajen gyaran launi, sararin sama kan fito layi-layi, inuwa kuma ta cika da ɗigo-ɗigo. Shi ya sa ƙwararru ke auna haske da kati mai ruwan toka, wanda S-Log3 na Sony ke ajiye shi kusa da kashi 41 cikin ɗari, suna kuma ɗora wa allon kallo LUT, wato jadawalin da ke juya koɗaɗɗen hoton zuwa launin talabijin, domin darakta ya ga kamar da fim zai fito da ita alhali fayil ɗin da ake adanawa yana nan a yadda aka ɗauke shi.