Ƙiba

ƙibā̀ *sn., mc.; ba jam.*

1. Cikar jiki da tsoka da kitse. *Amarya ta yi ƙiba. Yaron ya yi ƙiba ɓul-ɓul.* A Dakoro, kamar sauran ƙasar Hausa, sau da yawa yabo ne: alamar wadata da kwanciyar hankali.

2. (likit.) Taruwar kitse fiye da kima, mai jawo hawan jini, ciwon suga da ciwon gwiwa. Awo: nauyi (kilo) a raba da tsawo (mita), a sake raba abin da ya fito da tsawon; in an samu 25 zuwa sama, nauyi ya wuce kima; 30 zuwa sama, ƙiba ce sosai, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. *Ƙiba ta hana Alhaji tafiya masallaci a ƙasa.*

3. Na dabba: cikar da ke ƙara mata kuɗi. *Ragon layya ya yi ƙiba da harawa da dusa. Shanun Dakoro kan yi ƙiba bayan damina.*

rage ~: sauke nauyi da gangan. *Hajiya tana rage ƙiba: ta rage suga a shayi, ta rage soye-soye, tana tattaki da asuba.* maganin ~: ƙwayoyin da ake sha don a cika, akasari masu lahani ne, a guje su.

*Lura:* kumburin ƙafafun yaro mai tamowa ba ƙiba ba ne. A kai shi likita nan take.

*Dang.:* mai ~ (*jam.* masu ~), lukuti, teɓa, tumbi, kitse. *Kish.:* rama.