Giya a Bakin Titin Mubi: Inda Aka Faro

Ba yau aka fara shan giya a Mubi ba. Tun kafin kakanninmu su iso da jakunan fatauci daga ƙasar Hausa, 'yan ƙasa irin su Gude da Fali suna dafa giyar dawa don gayya da biki da zaman makoki. A wurinmu haramun ce, ba mu taɓa ɓoye wannan ba. Amma kakannin nan sun sayi hatsi a hannunsu, sun sayar musu da gishiri da kanwa da tufafi, aka zauna lafiya. Dalili kuwa, tukunyar tana da wurinta: cikin gida, bayan danga.

Da Turawa suka zo, su ma iyaka suka ja. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a babban birnin Beljiyam, suka hana kai barasar kwalba yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Gwamna Lugga ya bi wannan a Arewa, ba don tsoron Allah ba fa, don ya zauna ƙalau da sarakuna ne. Su suna sha a kulob ɗinsu, baƙin ma'aikata kuma aka ware musu Sabon Gari, kamar na Kano da Zariya. A lokacin Mubi na hannun Jamus. Sai bayan yaƙin duniya na farko Ingila ta karɓe ta, tana tafiyar da ita tare da lardunan Arewa.

Bayan ƙuri'ar 1961 muka shiga Nijeriya, Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Ma'aikata da 'yan sanda suka cika gari, daga baya ga ɗaliban Poli. Otal-otal da mashayu suka ƙaru, amma dai mai sha sai ya shiga ya turo ƙofa.

Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, har jihohi 12 suka kama, ban da Adamawa. Saboda haka abin da Hisba ke yi a Kano na farfasa kwalabe, mu nan ba mu da dokarsa.

Mun kuma ga hani na bakin bindiga. A ƙarshen Oktoba 2014 Boko Haram suka shigo, suka sa wa garin suna Madinatul Islam. Mashayu sun rufe, gaskiya ne. To, kasuwa ma ta rufe, makarantu sun rufe, muka watse, wasu a ƙafa zuwa Kamaru, wasu Yola. A Nuwamba 2017 kuma masu sallar asuba suka kai wa bam a masallacin Madina na Unguwar Shuwa, aka rasa kimanin mutum 50. Shi ya sa idan muka ji wani na cewa a tara samari da gorori a kori masu sayarwa, gabanmu kan faɗi.

Abin da ya rushe tsohuwar iyakar ba wata doka ba ce, leda ce. Giyar leda ba ta buƙatar ɗaki ko benci. Tana kan tebur tare da alewa da sigari, a tasha da bakin titi, kuɗinta bai fi na kofin shayi ba. Direban Keke ya tsotse ya ɗauki fasinja, yaro ya saka a aljihu ya wuce makaranta. Hukumar NAFDAC ta sanar da hana ta a 2024, amma kowa na ganin tana nan.

Dattawan coci da muke kasuwa tare su ma kukan da suke yi ke nan, don 'ya'yansu ma ba su tsira ba. A ganinmu a haɗu da su, a bi ta hannun masu unguwa da hakimi zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Mubi da ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu. A nemi a kawar da teburan nan daga ƙofar masallaci da coci da makaranta da tashar mota, mai lasisi kuma ya koma cikin shagonsa.