Gonar Aro da Gidan Haya

Duk manomin ƙasar Bichi ko Dambatta ya san gonar aro ba ta ƙoshi da taki. Wa zai wahalar da jakinsa da mangala, alhali mai gona yana iya karɓe abarsa baɗi? To, da irin wannan hujja Gwamnatin Ingila ta kafa doka a 1980, zamanin Margaret Thatcher, cewa wanda ya shekara uku yana haya a gidan hukuma yana iya sayensa da rangwame, daga kashi 33 cikin ɗari har zuwa 50. Suka ce mai gida ya fi ɗan haya kula da katanga.

Gaskiyarsu, amma da sauran magana. Kafin 1990 gidajen da aka sayar sun haura miliyan ɗaya, ba a kuwa gina madadinsu ba sai kaɗan. Uba ya sami gida, ɗansa ya tashi ya tarar babu. Saboda haka Sikotilan ta soke dokar a 2016.

A ƙasarmu ma, Gwamnatin Obasanjo ta soma sayar wa ma'aikata gidajenta na Abuja a 2005. Waɗanda aka ɗauka aiki daga baya kuwa, da yawansu sai Nyanya ko Suleja suka sami haya.