Majusawan Arewa da Kufan Gobir

Kalmar Bamaguje, wadda Kanawa da Katsinawa ke kiran Bahaushen da bai musulunta ba da ita, wato wanda mutanen Adar da Gobir ke ce wa Azne, masana da dama sun ce daga kalmar Larabci ta majusi ta samo asali. Da wannan kalmar ce Larabawan Andalus suka kira wasu mahara da suka ɓullo musu ta teku a shekarar 844, suka hau kogi da jiragensu har Ishbiliya, suka washe birnin kafin dakarun Sarki Abdurrahman na Biyu su fatattake su. A 859 suka sauka Nakur da ke gaɓar Maroko ta yau, suka kwashi mutane. Su ne Turawa ke kira Baikin, mutanen ƙasashen da a yau ake ce wa Norwe da Suwidin da Denmak, waɗanda akan lissafa zamaninsu daga 793 zuwa 1066.

Ɗan Bangi ko ɗan Madawa da karatu ko fatauci ya kai Turai, in ya so ganin abin da suka bari, kada ya ɓata lokaci wajen neman fada. Da itace da ciyawa suke gini, kuma kusan duk abin da ake nunawa a yau daga ƙarƙashin ƙasa aka tono shi. Jirgin Oseberg, wanda ya fi kowane suna, wani manomi ne ya ci karo da shi a tudun gonarsa a Norwe a 1903, masana suka haƙo shi a 1904. Tsawonsa ya haura mita 21, an binne shi a 834 da gawar mata biyu da dawaki da keken itace mai sassaƙa. Laka da ciyawar da aka danne shi da su ne suka hana shi ruɓewa. Gidan da aka ajiye shi a Oslo an rufe shi a 2021 domin gina sabo, saboda haka mai niyya ya bincika kafin ya ɗaura kaya. A Roskilde ta Denmak kuwa akwai jirage biyar da aka tsamo a 1962, waɗanda masu su suka nutsar da gangan domin toshe wa abokan gaba mashigi. Hular ƙarfe mai ƙaho da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido a shaguna, ƙagen masu zane da masu wasan kwaikwayo ne na ƙarni na 19. Wadda aka tono a Gjermundbu a 1943 ba ta da ƙaho.

Abin da zai fi tsayar da Bahaushe, a tsibirin Gotland na Suwidin yake. A 1999, a wata gona da ke Spillings, aka tono azurfa mai nauyin kilo 67, a cikinta akwai tsabar kuɗi sama da 14,000, kusan dukkansu dirhamin ƙasashen Musulmi ne, da rubutun Larabci a jikinsu. Wanda ya yi makarantar allo, in ya tsaya gaban gilashin gidan tarihi na Visby, zai iya tsinto kalmar shahada a kan kuɗin da wani Bamajuse ya binne ƙarƙashin daɓen ɗakinsa wajen shekarar 870. Ta kogunan Rasha azurfar ta hau arewa, kuma abin da aka bayar a madadinta shi ne fatun namun daji da takubba da bayi. Ahmad Ibn Fadlan, manzon Halifa Muƙtadir na Bagadaza, ya sadu da irin waɗannan fatake a bakin kogin Bolga a 922, ya ga yadda suka ƙone gawar wani babbansu cikin jirgi tare da kuyangarsa. A birnin Yok na Ingila, inda aka yi haƙa a unguwar Coppergate daga 1976 zuwa 1981, an sami hular siliki, da jabun dirhami mai kwaikwayon bugun Samarƙandi, da wuri guda na tekun Maliya. Jikan Bagobirin da ya sayi gishirin Bilma da kuɗin wuri ba ya bukatar tafinta a gaban wannan.

Su kansu waɗannan wurare doka ce ta raya su. Sa'ad da aka tono Oseberg, ƙasar Norwe ba ta da ikon hana mai gona sayar da jirgin ga baƙi, sai da wani attajiri ya saye shi ya ba jami'a. Abin ya zaburar da majalisa ta kafa dokar kare kayan tarihi a 1905. A Suwidin, wanda ya tsinci tsohuwar azurfa wajibi ne ya kai wa hukuma, ita kuma ta biya shi. Manomin Spillings ya karɓi sama da kurona miliyan 2.

A ƙarnin da dirhami ke hawa Bolga, wata hanyar kuma na ratsa Abzin. Ibn al-Faƙih, wanda ya yi rubutu wajen 903, ya ambaci Maranda a matsayin zango kan hanyar Gana da Gawo zuwa Masar. Masana sun danganta ta da Marandet, kudu maso yamma da Agadas, inda Henri Lhote ya tarar da dubban ƙananan kasaken narka tagulla jibge cikin ƙasa. Farfesa Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar a 1975, yana cikin masu ganin cewa kakannin Gobirawa na da hannu a wannan gari kafin su gangaro kudu. Ke nan Maranda sa'ar garuruwan Baikin ce, kuma sana'arsu ɗaya: ƙarfe da fatauci mai dogon zango.

Sauran zangunan Gobir sun kewaye Bangi. Birnin Lalle na wajen Dakwaro. Alƙalawa, birnin Babari da Bawa Jan Gwarzo, wanda ya faɗa hannun masu jihadi a 1808 aka kashe Sarki Yunfa, tana ƙetaren iyaka a ƙasar Sabon Birni ta jihar Sakkwato. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama, aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Sunayen nan suna raye a kirari da bakin makaɗan fada, kuma a nan Gobir ta fi Baikin gata, domin labaransu sai bayan shekara ɗari biyu ko fiye aka rubuta su a tsibirin Aislan, alhali zuriyar sarakunan Gobir na kan karaga. Sai dai ƙasa ba ta taimaka ba. Ganuwar laka damina ke cinta, itace gara ke cinsa, garma kuma na bi ta kan kufai kowace shekara. Ga matsalar 'yan bindiga da ta addabi yankin Sabon Birni tun wajen 2019, wadda ta koro dubban mutane zuwa ƙauyukan Bangi da na jihar Maraɗi, ta kuma sa zuwa Alƙalawa ya zama kasada ko ga ɗan ƙasa.

Nijar ta riga ta ga abin da kan faru in kufai ya yi suna babu mai gadinsa. An gano maƙabartar Bura da ke yammacin ƙasar a 1975, Boubé Gado na jami'ar Yamai ya haƙa ta a 1983, aka fito da tukwane da mutum-mutumin mahaya doki na laka. Da aka kai su baje koli Turai a shekarun 1990, dillalai suka farga, mutanen ƙauye suka shiga tono suna sayarwa da arha, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jan jadawalinta na shekarar 2000. Tukunyar da aka ciro ba tare da an auna zurfinta da abin da ke kusa da ita ba, shekarunta sun ɓace ko da an dawo da ita Yamai.