Daga Sau 35 Zuwa Sau Ɗaya: Yadda Aka Koyi Goge Faifan Kwamfuta

Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san yadda ake ɗora sabon wa'azi a kan tsohuwar waƙa. Wani lokaci idan ka kasa kunne, sai ka jiyo muryar da aka danne tana nan can ƙasa-ƙasa. Wannan ɗan ragowa shi ya daɗe yana hana masana kwamfuta barci, domin faifan ajiyar kwamfuta da kaset Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, dukansu da maganaɗisu suke riƙe abin da aka ba su.

Kamfanin IBM ne ya fito da faifan farko a 1956. Tun tafiya ba ta yi nisa ba aka gane cewa kwamfuta ba ta share abin da aka ce ta share. Sunansa kawai take cirewa daga jerin sunaye, ta bar shi kwance har ranar da wani abu zai hau kansa. Magani ke nan a bayyane: a rubuta wani abu a kai. To amma sau nawa?

A 1995 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idar da aka fi sani da rubutu sau uku. Shekara guda bayan haka, Peter Gutmann na Jami'ar Auckland a ƙasar Niyu Zilan ya gabatar da maƙalar da ta tayar da ƙura. Hujjarsa ita ce, allurar da ke rubutu ba ta sauka daidai inda ta sauka a baya, saboda haka gefen tsohon rubutu yana iya leƙowa, kamar inuwar tawada a jikin allon da aka wanke, kuma mai madubin bincike na musamman zai iya bibiyarsa. Sai ya tsara zubi 35. Abin da mutane suka kasa lura da shi, ya yi hakan ne don ya game nau'o'in faifai daban-daban na wancan zamani, babu faifai guda da ke buƙatar dukansu. Daga baya shi da kansa ya koka cewa an mayar da tsarin nasa tamkar surkulle.

Ashe ɓarnar tana wani wuri. Ɗalibai biyu na jami'ar MIT, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun sayo tsofaffin faifai 158 na gwanjo, suka bayyana sakamakon a 2003. Guda 129 suna aiki, kuma 12 kacal aka goge yadda ya kamata. A cikin sauran sun tsinci lambobin katin banki sama da 5,000, da bayanan marasa lafiya, da wasiƙun mutane. Babu wani madubi da suka nema. A ganina nan ne tarihin ya juya: ana ta gardamar sau uku ko sau 35, alhali yawancin jama'a ko sau ɗaya ba su yi ba.

A 2006 hukumar ƙa'idojin fasaha ta Amurka, NIST, ta ce rubutu sau ɗaya ya wadatar a faifan zamani, domin layukansa sun matsu ƙwarai, tsohon sawu ba ya samun wurin fakewa. Faifan da ya lalace kuwa, sai a sa shi a na'urar maganaɗisu mai ƙarfi ta hargitsa shi, ko a niƙe shi.

Maganar ta iso har gida. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada sun sayi faifai a Gana, inda ake jibge tsofaffin kayan lantarki daga Turai da Amurka, suka tarar da takardun kwangilar tsaron gwamnatin Amurka a ciki. Don haka ɗan'uwa, kafin ka kai tsohuwar kwamfutarka kasuwa, idan faifanta na maganaɗisu ne, ka sa a bi shi da sabon rubutu tun daga farkonsa har ƙarshensa. Idan ya daina aiki, cire shi ka farfasa shi da guduma.